Shekarar da Agwagina Suka Ƙare

Na san kun sha jin ana cewa kakarku ce ta tona asirin gari, kuma ɗanta na cikinta ya yi wata bakwai bai gaishe ta ba. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai masu ba ku labarin daga tsakiya suke ɗauko shi, ni kuwa so nake ku ji shi daga tushe, tun idona yana ganin layin takarda. Ba don in wanke kaina nake rubuta wannan ba, domin za ku ga inda nawa hannun ya shiga. Babanku nake so ku fahimta, kuma ku san irin alherin da Allah Ya yi mana a shekarar da muka ɗauka ba mu taɓa ganin mai muninta ba.

A Gummi aka haife ni, gidan masu lambu a bakin gulbi. Tun ina ƙarama ba na iya ganin abu in wuce. In albasar wannan fangali ta fi ta wancan girma, sai na ji dalili. In rijiyarmu ta fi ta maƙwabta garɗi, sai na tambaya. Har yaran unguwa suka sa mini suna Miyassa, saboda kullum maganata ke nan, mi yas sa kaza, mi yas sa kaza. Innata takan ce wannan bakin nawa sai ya ja mini duka a gidan miji. Mahaifina kuwa dariya yake yi, ya miƙo mini fartanya, ya ce in tona gindin albasar in gani da idona. Da wannan hali aure ya kai ni wani ƙauye kudu da Anka. A can na haifi babanku da ƙannensa, a can aka binne kakanku, a can na fara furfura. Bayan rasuwarsa na zauna a gidan babanku, shi da mahaifiyarku Asabe. Ba ni da wani aiki sai renon jikoki da kiwon agwagi. Agwagin sun kai ashirin a lokacin, kuma kowace na san ta da tafiyarta.

Sai zinariya ta zo. Maza suka bar gona suka koma daba, wato wurin haƙo, suna dawowa da buhunan dutse a bayan babur. Da farko a can daji suke fasawa. Da aka fara sace wa juna, sai kowa ya kwaso nasa ya kawo cikin gida. Mata suka shiga aikin: a farfasa da guduma, a daka a turmi, a kai injin niƙa, wanda shi ne dai yake niƙa mana dawa da gero, a dawo da garin a wanke a tsakar gida, a shanya sauran a kan tabarma. Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma na yi murna. Ɗakina da yake yoyo shekara da shekaru babanku ya rufa masa kwano. Muka ci nama ba ranar salla ba. Ni da kaina na ɗauki taɓarya na daka dutsen nan, ƙurarsa tana sauka a kan zanena da kwanukan abinci da kan yaran da suke rarrafe a gefena. Yayanku Lawali yana da shekara uku, ƙanwarsa takwarata, wadda muke kira Ummi, ba ta cika biyu ba.

Cikin bazara agwagi suka fara canja mini. Sai in ga ɗaya tana tangaɗi, fikafikanta sun saki, wuyanta ya karkace, kashinta kore shar, kwana biyu ta mutu. Na san ciwon kaji, na san lokacinsa, wannan ba shi ba ne. Da ta shida ta mutu, na ɗauki wuƙa na zauna a bayan ɗaki na fede ta. Asabe ta leƙo ta toshe hanci.

"Inna, mushe hwa na. Mi kika nema ciki?"

"Abin da yak kashe ta nika nema," na ce mata.

Agwagwa tana haɗiyar tsakuwa don ta niƙa abinci, kowa ya san wannan. Amma da na tsaga ƙundun, abin da na tarar ba tsakuwar gari ba ce. Wani yashi ne mai ruwan toka, yana ɗan ƙyalli, irin wanda yake taruwa a kwatamin da ruwan wankin dutse yake gangarawa. A nan kuwa suke yini suna wanka, suna caccakar laka. Na wanke hannuna, abin yana ta juyawa a raina.

Washegari Dije ta zo da nono. Bafulatana ce daga rugar da take hayin rafi, mun fi shekara ashirin muna ciniki da tsokanar juna. Na tambaye ta lafiyar nata agwagin.

"Lahiya lau suke, Kaɗo. Har ƙyanƙyasa sunka yi. Naki dai rowar tsaba kika yi musu."

"Yaran ruga hwa? Babu mai amai?"

Sai ta daina dariya, ta sauke murya.

"Namu ƙalau. Amma Wallahi in na shigo garinku gabana hwaɗuwa shika yi. Jiya gida biyu na iske ana zaman makoki."

Gaskiya ta faɗa. A lokacin yara sun fara mutuwa. Yaro zai yi amai, ya riƙe ciki yana kuka, ya daina wasa, daga nan sai jijjiga ta kama shi, idanu su kafe. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska ce ta bi gari. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi sadaka. Ni kuma da yake tsohuwa ce, babu gidan da ba na shiga gaisuwa. Na shiga yin wani abu wanda ban gaya wa kowa ba: in na zauna na yi ta'aziyya, sai in bi tsakar gidan da kallo. Duk inda aka yi rashi, sai na ga buhun dutse a jingine, ko shanya a kan tabarma, ko turmi mai farar ƙura. Gidan liman babu dutse, yaransa shida suna ta guje-guje. Gidan wanzami ma haka. Na yi kwana da kwanaki ina gwada wannan gida da wancan, ina fatan in sami inda tunanina zai ƙaryata. Ban samu ba.

Ran nan da la'asar babanku ya dawo daga daba, fari fat kamar an tsoma shi a gari. Ummi ta rarrafa ta kama ƙafarsa, ya ɗauke ta ya rungume. Na jira ya ci abinci, sannan na ce masa ina da magana.

"Wanga dutsi shi ka kashe agwagina, kuma ina tsoron shi ka taɓa yara. Ka hitar da shi daga gidan ga."

Ya yi murmushi irin na ɗan da yake lallashin uwa.

"Inna, dutsi na hwa. Ƙasa ta. Tun kakanninmu bisa ƙasa muke kwana. Ina ƙasa tat taɓa kashe mutum?"

"Ban sani ba. Amma na ga abin da na gani."

"Rai na Allah na, Inna. In na kai shi daji a sace, mi za mu ci? Gona ko huɗa ban yi ba bana."

Na kwashe kwanuka na bar maganar. A nan ne laifina yake, kuma ina so ku rubuta shi a zuciyarku kamar yadda na rubuta a nan. Na ga alama, na faɗa sau ɗaya, aka yi mini murmushi, sai na ji kunyar nacewa. Na daina daka da hannuna, na hana yara zuwa bakin kwatami, na ɗauka na yi iyakar ƙoƙarina. Amma buhunan suna nan, ƙurar tana nan.

Kwana tara bayan wannan magana Ummi ta tashi da amai. Kafin hantsi jijjiga ta kama ta. Asabe tana da tsohon ciki, ba za ta iya hawa babur ba, don haka ni na goya Ummi, babanku ya ja mu muka nufi asibitin Anka. Hanyar duk rami ce da yashi. Ina jin zafin jikinta a bayana, ina jin tana miƙewa tana saki. Mun kusa mashigin gulbi na ji ta yi wani irin nauyi, zafin kuma ya fara raguwa. Na dafa kafaɗarsa na ce ya tsaya. Ya tsaya a gindin wata tsamiya, na kwance goyon, ya karɓe ta ya duba fuskarta. Bai yi kuka ba, bai ce komai ba sai salati. Ya cire rawanin da yake rufe hanci da shi ya lulluɓe ta, muka juyo.

Ba a yi sati biyu ba labari ya zo cewa a Dareta da wasu ƙauyuka ma haka yara suke mutuwa, kuma ma'aikatan lafiya suna yawo da baƙi suna tambaye-tambaye. Maza suka taru a ƙofar maigari. Abin da suka yanke shi ne kowa ya ɓoye dutsensa, in an tambaya a ce zazzaɓi ne, domin in hukuma ta ji, za ta hana haƙo, gari ya koma cikin yunwa. Kada ku ɗauke su mugaye. Mutane ne da suka daɗe cikin babu, suka ga haske kaɗan, suna tsoron a kashe musu shi. Babanku ya kwashe buhunansa ya zuba a rumbu, ya rufe da kara, aka share tsakar gida tas.

Da baƙin suka zo, wadda take musu jagora Malama Rahila ce, wata Kirista 'yar Zuru da take zuwa yi wa yaranmu rigakafi. Ta san kowace uwa da sunan ɗanta. Suka shigo gidanmu da rana tsaka, babanku yana tsaye a bakin zaure. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce:

"Inna, na zo da katin yara da yawa a garin nan, na tarar babu masu katin. Kowa ya ce mini zazzaɓi. Ke babba ce. Don Allah, ana aikin dutse a cikin gidajen nan?"

Na dubi babanku, ya kafe ni da ido. Tunda na haife shi ban taɓa kunyata shi a gaban mutane ba. Na sunkuyar da kai, sai idona ya sauka a kan Lawali. Yana zaune a ƙasa ya jingina da turmi, yana tsotsar yatsunsa. Kwana biyu ke nan yana mayar da duk abin da ya ci, kuma tun safe bai ce uffan ba, yaron da surutunsa yake hana ni sallar walaha cikin natsuwa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na taka zuwa rumbu, na janye karan, na ce:

"Ga shi nan. Kowane gida akwai. Kuma agwagi sunka hwara mutuwa kahin yara."

Wani daga cikin baƙin ya sa wata na'ura a ƙasan tsakar gidan, ya duba, ya kira ɗan'uwansa da sauri. Ban ji yarensu ba, amma na ga fuskokinsu. Malama Rahila ta fassara mini: dutsen yana da dalma a cikinsa, dalmar guba ce, ƙurarta tana shiga cikin yaro ta hannu da baki, ta hau masa kai. Babanku ya matso kusa da ni.

"Inna, kin kashe ni."

Ya fita. Maganar da ya yi mini ke nan ta ƙarshe har wata bakwai.

Kafin magariba gari ya ɗauka. Matan da muka yi shekara talatin muna cin tuwon bikin juna suka riƙa kau da kai in mun haɗu a rijiya. Mai inji ya mayar mini da dawata ba niƙa. Wata da na karɓi haihuwarta da hannuna ta aiko a gaya mini in yaranta suka kwana da yunwa, alhakinsu yana wuyana. Ban tsaya sauraro ba, domin an ɗebi jinin Lawali an ce a tafi da shi nan take. Ni na yi jinyarsa a Anka, sati huɗu, ana ba shi wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda yake fitar da gubar ta fitsari. Ɗakin cike yake da mata daga ƙauyuka daban-daban, har da wasu daga garinmu waɗanda suka zage ni. Muka shimfiɗa tabarmi kusa da juna, ba mai tayar da maganar.

A nan ne wani abu ya same ni wanda ban zata ba. Duk bayan kwanaki sai a ɗebi jini, a rubuta wani abu a katin Lawali, a miƙo mini. In juya katin sama da ƙasa, ban san ko albishir ne ko akasinsa ba. Rayuwar jikana tana hannuna a rubuce, ni kuwa kamar makauniya. Ran da Malama Rahila ta leƙo duba mu, na riƙe mata hannu.

"Ɗiyata, wanga ƙugiya-ƙugiya da anka zana, mi shika cewa?"

Ta ja ni waje gindin bishiyar bedi, ta ɗauki tsinke, ta zana mini ɗaya zuwa tara a ƙasa. Ta ce wannan lambar yawan gubar ce, in tana sauka, sauƙi yana zuwa. Kwana uku ina zana su ina sharewa, mata suna mini dariya, wai tsohuwa ta koma wasan ƙasa. Da aka kawo sakamako na gaba, ni na fara ganewa da idona cewa ta sauka, tun kafin ma'aikacin ya buɗe baki. Na yi sujada a kan simintin nan. Ina da shekara hamsin da ɗoriya, ranar na fara karatu.

Da aka sallame mu, aka ce kada a mayar da yaro gidan da ba a kwashe ƙasarsa ba. Na aika wa babanku, bai ba da amsa ba, amma ya sa aka kawo Asabe da jaririyar da ta haifa, ke Zainabu. Na wuce da ku Gummi gidan ƙanena. Damina ta sauka ta wuce muna can. Ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sha ba, amma ban taɓa shiga ƙunci irin na watannin nan ba. Yana aiko da hatsi da gaisuwa ga matarsa, ni ko sunana ba ya ambata. In na ji ƙarar babur a ƙofar gida sai in gyara zama, sai in ga wani ne. Na yi ta tambayar kaina ko da wata hanyar da zan bi ba tare da na tozarta shi a gaban baƙi ba. Wani lokaci in ji haushinsa, in ce ashe zinariya ta fi uwa. Abin da ya riƙe ni shi ne lambu. Kullum da safe in tafi da Lawali bakin gulbi, ina cire ciyawa, yana bin fara. A can ya sake fara magana, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai koyo daga farko.

Bayan an gama girbi, ran wata Laraba da hantsi, ina durƙushe a cikin albasa sai na ga inuwar mutum. Na ɗaga kai, babanku ne. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya cire takalmi ya tsuguna nesa kaɗan.

"Inna, ina kwana."

"Lahiya lau. Kun zo lahiya?"

Ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa. Na lura da tafin hannunsa, duk ya yi kanta ya farfashe. Na tambaye shi ko aikin daba ne. Ya girgiza kai. Ya ce masu kwashe ƙasa sun zo gari, ya shiga cikinsu, da shebur da baro. Ya kankare tsakar gidanmu da ɗakuna, aka zuba sabuwar jar ƙasa, sannan ya bi su gida-gida har aka gama. Turmin ma ya ƙone shi. Daga nan ya sunkuyar da kai, ya faɗi maganar da saboda ita nake rubuta duk wannan.

"Inna, kin ɗauka don zinariya na yi hushi. Wallahi ba don ita ba. Tun ranar da munka tsaya gindin tsamiyar nan na san gaskiya kika hwaɗi. Amma in na yarda, to ni na ɗauko abin da yak kashe ɗiyata, bisa babur ɗina, na kawo mata har gida. Kin gaya min, na yi miki dariya. Ido nika kasa haɗawa da ke."

Wata bakwai ina zarginsa da son duniya, ashe yaron nan shi kaɗai yake ɗauke da gawar 'yarsa. Ni da nake taƙama da bin diddigin komai, ban taɓa tambayar kaina abin da yake cikin shirunsa ba. Na ce masa:

"Kai ka ɗauko, ni na daka. Da hannun ga nawa na daka shi, tana zaune gehena. In laihi na, mu biyu muna ciki. Ba mu sani ba, kuma Allah Ya san ba mu sani ba. Tashi ka ga ɗanka."

A lokacin ne ya yi kukan da bai yi ba a gindin tsamiya. Lawali ya tsaya daga nesa yana kallonsa, riƙe da fara, can ya matso ya miƙa masa ita.

Muka koma gida. Ba zan ce muku babanku ya bar zinariya ba, bai bari ba sai bayan shekaru, domin ciki ba ya jira. Amma dutse bai sake ƙetare zaurenmu ba. A daba yake wanka, ya canja tufa, ya bar na aikin a can. Mutanen gari kuwa babu wanda ya zo ya ce mini yi haƙuri, ni ma ban jira ba. Wata rana dai mai inji ya aiko a karɓi niƙana, wata rana aka kira ni wankan jariri, a haka a haka zumunci ya koma. Na sami aikin yi wanda ban nema ba. Duk gidan da na shiga barka ko biki, sai na duba hannun yara, na tambayi inda maigida yake ajiye kayan aikinsa, na nuna wa amarya yadda za ta yayyafa ruwa kafin shara. Wasu su ji, wasu su ce Miyassa ta zo da wa'azinta. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata, ni ce ta fari a layi, kuma ni ce mafi tsufa. Shekara uku na yi kafin in iya haɗa wasiƙa.

Sauran kun san shi, da idonku kuka gani: yadda 'yan bindiga suka hana mu noma, yadda muka kwaso abin da ya samu muka dawo cikin Anka, ɗaki biyu a gidan haya. Na ga tsofaffi sa'o'ina da wannan ƙaura ta karya. Sun zauna a bakin ƙofa suna lissafa abin da suka baro, har ciwo ya zo ya same su a zaune. Ban fi su ƙarfi ba, ban fi su imani ba. Abin da na lura da shi a kaina kawai shi ne, duk safiyar da na tashi da abin da nake son in sani, ko wanda nake son in je in duba, ranar gwiwata ba ta cika ciwo ba. Shi ya sa kuke ganina ina shuka alayyafo a tsofaffin buhuna, wannan da takin akuya, wancan da toka, don in ga wanda zai fi. Shi ya sa nake tare ɗan maƙwabta in ce ya nuna mini yadda murya take shiga waya. Na gode wa Allah da Ya ba ni uban da ya miƙo mini fartanya maimakon tsawa. Na gode Masa da Dije, da Malama Rahila wadda addininmu ba ɗaya ba amma ta durƙusa a ƙasa ta koya mini ɗaya da biyu. Na gode Masa da ɗan da ya iya dawowa ya tsuguna. Ummi kuwa kullum tana cikin addu'ata, kuma ina sa ran ita za ta tarbe ni.

Saura maganar Lawali, ku da kuke jin haushi in an ce yayanku ba shi da kai. Gaskiya ne gubar ta bar masa tabo. An sa shi makaranta, shekara uku yana aji ɗaya, abin da aka koya masa yau gobe ya gudu. Na sha zama da shi da allo muna fama, ni tsohuwa ina wuce shi, yana kuka. Na yi zaton haka zai ƙare. Da muka dawo Anka babanku ya kai shi garejin masu gyaran babur, don dai kada ya zauna banza. Yau shekara biyar ke nan. Watan jiya na bi ta wurin zan je dubiya, na hango mutum uku a tsaye da baburansu, ga maigarejin a zaune, amma sun ce su Lawali suke jira. Na rakuɓe a kan benci ina kallo. Aka tayar da wani babur, ya karkata kai ya saurara, ko taɓa shi bai yi ba ya faɗi abin da yake damunsa. Ya kwance wani ɗan ƙarfe, ya hura, ya wanke da fetur, ya mayar. Babur ya tashi lafiya lau. Da ya sallame su ya juyo ya gan ni.

"Tsohuwa, mi kika yi nan? Ko kin zo zance?"

"Wa zai yi zance da miji mai baƙin hannu? Zo nan. Wancan abin da ka hura, mi a aikinai?"

Ya ɗauko wani irinsa ya zauna kusa da ni, ya ce sunansa kafireto, nan ne mai da iska suke haɗuwa. Na ce ban gane ba. Ya sake bayani. Na ce har yanzu. Bai ƙosa ba, bai ɗaga murya ba. Ya warware shi gaba ɗaya, ya jera 'yan ƙananan ƙarafan a kan cinyata bisa tsumma, ya sa yatsana a kan wata 'yar allura, ya ce in ɗaga in ji. Sau huɗu yana maimaitawa, a hankali, kamar yadda ya so a riƙa yi masa a aji. A na huɗun na gane. Na ce masa na gane, ya dube ni da kyau don ya tabbatar ba lallashinsa nake yi ba, sannan ya washe baki.

Ban je dubiyar ba ranar. Da zan tafi, zanena duk baƙin mai, ya biyo ni har bakin titi yana goge hannu.

"Kaka, gobe ki zo da wuri. Injin gaba ɗaya za ni buɗewa, ba ki taɓa ganin cikinai ba."

Na je. Tun kafin su buɗe gareji ina zaune a kan bencin.